Gaiwar Tafkin Marke

Ruwan Tafkin Marke ya fara ja da baya lokacin da matar ta zo. An gama yankan gero, wake kaɗai ya rage a gonaki, shanu sun dawo kusa da gida suna cin kara. Cindo yana tsaye a bakin tafkin da sanda a kafaɗa, yana jiran shanunsa su gama shan ruwa, sai ya hango ɗan acaɓa ya sauke wata mata a gindin tsohon marken da ake kiran tafkin da shi. Ta sa dogon hijabi ruwan toka da takalman roba irin na masu aikin fadama. Jaka ce a bayanta, a hannunta kuma damin turaku da aka shafa wa kawunansu jan fenti.

Turakun ne suka tsaya masa a rai. Cindo makiyayi ne kuma manomi, a wannan rugar aka haife shi, tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa, kuma ya san abin da jan turke yake jawowa. Haka aka fara wa dangin mahaifiyarsa. Wasu baƙi masu fara'a suka zo suka kakkafa turaku, aka ce awo ne kawai, kafin a ankara gonakin sun zama na wani kamfani.

"Sannu da aiki, Malam," in ji matar. "Don Allah ina zan sami shugaban rugar nan?"

Bai tambaye ta komai ba. Ya kora shanun, ya wuce gaba, ta bi shi har inuwar da Baffa yake zama. Baffa ƙanen mahaifin Cindo ne, shi ne kuma babba a rugar, ba a yanke magana sai a gabansa. Kafin ta gama gaisuwa maza sun taru, cikinsu har da Ubale, ƙanen matar Cindo, wanda yake ɗan taɓa kamun kifi idan ruwa ya ja.

Ta ce sunanta Rayhana, 'yar Gumel ce, tana koyarwa a wata kwaleji, karatunta kuma a kan halittun ruwa ne. Ta ce saboda gaiwa ta zo.

Aka kwashe da dariya. Ubale ya ce, "Gaiwa? Malama, mu a tukunya muka san ta."

Ita ma ta yi murmushi. Ta ciro wayarta ta miƙa wa Baffa da hannu biyu, mutane suka leƙo ta bayansa. Wasu maza ne tsaye cikin wani rafi mai duwatsu, sun ɗago wata dabba mai faffaɗan kai da fata yamutsattsa da 'yan gajerun ƙafafu. Tsayinta ya kusa na mutum.

"A'uzubillahi," in ji Baffa. "Kada ne ko ƙadangare?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Salamanda ake ce mata, dangin kwaɗo ce. A ƙasar Sin na gan ta, can na ƙaro karatu. A ruwan sanyi take zama, ƙarƙashin duwatsu, ta fatar jikinta take shaƙar iska. Namijin ne yake gadin ƙwai a cikin rami har su ƙyanƙyashe. Da can ta cika rafukansu. Aka yi ta kamawa ana ci, aka ɓata ruwan, yanzu sai masana su yi ta yawo rafi-rafi ba su ga ko ɗaya ba. Da na dawo gida na tambayi masu kifi a kasuwar Gumel, suka ce manyan gaiwa irin na da sun daina zuwa. Shi ne na ce bari in duba tamu tun tana nan."

Ubale ya sa yatsa a kan wayar. "Waɗannan mutanen fa? Su suka aiko ki?"

"Malamaina ne. Babu wanda ya aiko ni."

Baffa ya mayar mata da wayar ya ce tafki na Allah ne, ba ya hana baƙo kallon ruwa. Amma da ta tashi, ya riƙo hannun rigar Cindo ya ce a hankali, "Kai kake kai shanu can kullum. Kada idonka ya bar ta."

Daga ranar Cindo ya canza lokacin shayar da shanunsa ya daidaita da zuwanta. Ba ta yin abin da ya yi tsammani. Ba ta auna gona, ba ta tambayar iyaka. Sai ta shimfiɗa buhu a bakin ruwa ta zauna shiru, ta daɗe ba ta motsa ba. Wani lokaci ta cika 'yan ƙananan kwalabe da ruwan tafkin, wani lokaci ta tsoma wani ƙarfe mai waya ta duba ta ciro.

Wata rana ta ɗaga masa hannu. "Malam Cindo, duba can, kusa da ciyawa."

Wani baƙin baki ya ɓullo saman ruwa, ya buɗe, ya koma.

"Iska ta sha," in ji ta. "Huhu gare ta kamar ni da kai. In ka danne ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta fitowa, mutuwa za ta yi. Ita ma namijin ne yake gadin ƙwai, kamar waccan da na nuna muku."

"To," in ji Cindo.

Ta kai shi gefen gabas, inda ruwa ya riga ya janye ya bar taɓo. Ta nuna masa wasu 'yan ramuka da ba su fi bakin kwalba ba. Ta ce a ƙarƙashin kowanne akwai gaiwa a naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar wannan ƙofar don numfashi, a haka za ta kwanta ba ci ba sha har damina ta dawo. Cindo ya san wannan tun yana yaro, ya sha ganin ana haƙo su da fartanya da rani. Abin da bai gane ba shi ne dalilin da zai sa mace mai aikin gwamnati ta baro Gumel ta shiga taɓo saboda shi. Yana kallo ta kafa jan turke kusa da kowane rami.

Da ta tafi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya cusa su cikin tarin kara a bayan gidansa. Washegari ta zo ta tsaya a gefen gabas ta daɗe tana kallon wurin. Ta juyo ta gaishe shi kamar kullum, ta shimfiɗa buhunta. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma kawo wasu turakun ba. Wannan shirun ya fi damun Cindo fiye da in da ta yi faɗa. Wanda aka ɓata wa aiki bai ce komai ba, a ganinsa, yana da wani abin da ya dogara da shi.

Ana cikin haka abin ya faru. Da hantsi Cindo ya koro shanu, jar saniyarsa mai ciki tana gaba kamar yadda ta saba. Ta riga ta sa baki a ruwa kafin ya iso. Da ya matso sai wani wari ya buge shi, ya ga saman tafkin ya yi fari da cikin kifi. Ya daka tsawa ya shiga tsakanin sauran shanun da ruwan yana dukansu da sanda har ya mayar da su baya. Jar saniyar kuwa ta sha ta ƙoshi. Kafin su kai gida ta fara rawar jiki, kumfa na zuba daga bakinta. Aka ɗura mata madara, aka ɗura mata jiƙo, ba ta tashi ba. Baffa ya hana a taɓa naman, aka ja ta bayan gari aka binne. Tumakin wasu gidaje ma sun mutu.

Mutanen ruga suna tsaye a bakin tafki ana ta magana sama-sama, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Rayhana. Ubale ne ya fara yin kanta.

"Ga ta nan! Kullum tana tsoma abu a ruwa muna kallo. So suke su kashe dabbobinmu mu tashi, su zo su karɓe ƙasar!"

Aka kewaye ta. Ɗan acaɓan ya juya babur ɗinsa ya tsaya daga nesa. Baffa ya ratsa mutane ya tsaya a gabanta, ya ce duk wanda ya taɓa ta shi ya taɓa.

Ita ba mutanen take kallo ba. Ta wuce bakin ruwa, ta sa safar hannu, ta ɗago wata gaiwa da ta mutu, siraran ƙafafunta kamar igiya suna reto. Sannan ta juyo wajen Baffa.

"Baba, ko da ruwa ya ruɓe ya kashe tarwaɗa da karfasa, gaiwa tana nan, don ba da ruwan take numfashi ba. In har ita ma ta mutu, guba aka zuba. Warin kamar na maganin feshin gona ne, amma ba zan rantse ba sai an gwada."

"Ta san guba ce don ita ta zuba," in ji Ubale.

Ta zazzage jakarta a ƙasa, kwalabe da ƙarfen da komai. "Ku riƙe su. Ku kai wa duk wanda kuka yarda da shi ya duba." Ta sake kallon tafkin. "Amma ina manyan kifin? Jiya na bar manya a nan. Waɗannan duk ƙanana ne."

Baffa ya sa aka tattara kayan, ya ce ta koma Gumel, kada ta sake zuwa sai ya aika.

Cindo ya koma gida da la'asar, maƙogwaronsa a bushe. Ya ɗebi ruwa a randa ya sha, ya tsaya da moɗar a hannu. Ruwan fari ne tas, ruwan famfo. Famfon yana can bakin titi kusa da makarantar firamare, tafiya ce mai nisa, matarsa Jannatu ba ta zuwa can sai tafki ya ƙafe. Ya leƙa bayan ɗaki. Awakinta suna ɗaure a turke, ga kwano da ruwa a gabansu. Ya tuna tun jiya da safe ya ji suna kuka a gida, alhali kullum sakinsu take yi su bi shanu zuwa tafki.

Bai yi magana ba a ranar. Ya zuba mata ido kamar yadda ya zuba wa baƙuwar. Ya ga ta kawo masa tuwo ba ta ɗago kai ba. Ya ga da matan maƙwabta suka shigo jaje suna tsine wa matar Gumel, ita ba ta sa baki ba, tana ta tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Ya tuna kuma duk lokacin da Ubale ya kama kifi sai ya aiko wa yayarsa da nata, amma kwanan nan ko ƙaya ba a gani ba.

Da safe, bayan ta tatsi nono, ya kira ta inuwar rumbu.

"Me ya kai ki famfo shekaranjiya?"

"Ruwan tafkin ya yi kauri, Malam."

"Awakin fa? Su ma kaurin suka ƙi?"

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ubale ne ya biyo. Ya ce in riƙe awakina a gida kwana biyu, kada yara su je wanka, wai matar nan tana zuba wani abu a ruwa."

"Tun kafin kifin ya mutu ya faɗa miki haka."

"E."

"Ni kuma ba ki gaya mini ba."

"Na ɗauka surutunsa ne. Ka san shi da magana."

"Kin ɗauka surutu ne, amma kin ɗaure awakinki."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, ta ɗauki ƙwaryar nonon ta shige ɗaki. Cindo ya zauna a wurin. Shekarunsu da yawa tare, bai taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma ko yanzu bai san ko ƙaryar ta yi ba. Wataƙila ta manta ne. Wataƙila ta gane abin da ƙanenta zai yi, ta ji tsoron in ta faɗa za ta tona shi, ta yi fatan shanun za su tsira.

Ranar Alhamis ya hau motar Maigatari da cewa zai sayo wa shanu kanwa. Ya ratsa kara, kasuwar shanu, inda dillalai da mutanen Nijar suke ta ciniki, bai tsaya ba, ya nufi layin masu kifi. Ya bi rumfa-rumfa yana dubawa har ya iso wurin wani dattijo da ya sani da ido. A gabansa kwanduna ne cike da banda sabuwa, manyan tarwaɗa a lanƙwashe, da gunduwa-gunduwar gaiwa masu kaurin dantse.

"Kifi ya yi kyau," in ji Cindo. "Daga Haɗeja?"

"Ina! Daga wajenku ne ai. Surukinka Ubale ya kawo. Na ce masa bana ya yi sa'ar koma."

Cindo ya san Ubale ba shi da koma, 'yan ƙugiyoyi ne kawai gare shi. Ya durƙusa kusa da dattijon ya ce kada ya sayar wa kowa kifin nan.

Fuskar mutumin ta canza. "Wa ya turo ka? Rigimar gida ce kuke yi za ka ɓata mini kasuwa?"

Cindo ya ba shi labarin tafkin da jar saniya, bai ƙara ba bai rage ba. Dattijon ya ɗauki gunduwa ɗaya ya sansana, ya kalli Cindo, ya kalli wata mata da ta tsaya da goyo tana jiran a auna mata. Ya ce mata kifin ya ƙare. Ya jawo buhu ya rufe kwandunan yana salati.

Da Cindo ya dawo ya kai maganar gaban Baffa, Ubale ya fara rantsuwa cewa a wani tafki ya sayo kifin. Da aka tambaye shi wanne, ya ambaci wanda kowa ya san ya ƙafe tun kafin kaka. Daga nan ya sauke murya. Ya ce ragowar maganin feshin wake ne, kaɗan ya zuba, a wasu garuruwa ma haka ake yi, ya ɗauka kafin gari ya waye ƙarfinsa ya tafi. Ya ce bai nufi saniyar kowa ba.

"Matar fa?" in ji Baffa. "Da ban tsaya ba, me za a yi mata?"

Ubale ya sunkuyar da kai. Baffa ya ce maganar ta fi ƙarfin ruga, za a kai ta gaban hakimi. Ba a kai ga haka ba. Kafin ranar, Ubale ya tsallaka iyaka ya tafi wurin danginsu na wajen Damagaram.

Baffa ya aika Gumel. Rayhana ta zo, wannan karon tare da yayanta, wanda ya tsaya a gindin marke bai saki fuska ba har suka tafi. Baffa ya ba ta haƙuri a gaban jama'a ya mayar mata da kayanta. Ta ce ya wuce. Ta ce na cikin ruwa sun tafi, babu abin da za a yi musu, amma waɗanda suka riga suka shige taɓo a gefen gabas ruwan gubar bai kai gare su ba. In aka bar su, ba a haƙe su da rani ba, ba a ɗebi ƙasar bulo a wurin ba, su za su sake cika tafkin.

"Turakun da kika kafa ai babu su," in ji Baffa. "Yaya za ki gane wurin?"

Ta ciro wayarta, ta bi ta tana tafiya a kan busasshen taɓo, ta tsaya daidai kan wani rami. Ta matsa ta tsaya kan wani. Ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Cindo ya matso kusa da ita. "Malama, ashe duk wurin nan yana cikin wayarki."

"Ramukan kawai."

"Wa yake gani in ban da ke?"

"Malamaina. Da wata ƙungiya da take taimaka wa aikin."

"Su waye a ƙungiyar?"

"Wasu na san su. Wasu ban taɓa ganinsu ba."

Ya so ta ce babu kowa, ko da ba zai yarda ba. Da ta faɗi gaskiya sai ya rasa inda zai ajiye ta. Ya juya ga Baffa ya ce shi ya yarda a bar gefen gabas, zai ma sare ƙaya ya kewaye wurin da hannunsa don kada shanu su tattake. Amma ba turke, ba allo, ba baƙon da za a kawo sai an sanar da ruga. Rayhana ta ce ta amince. Baffa ya yanke haka, aka yi addu'a aka watse. Cindo ya yi shingen a cikin makon, ya kuma ci gaba da zuwa duk ranar da ta zo, yana tsayawa inda zai ga hannunta.

A gida kuwa magana ta yi ƙaranci. Surukarsa ta aiko cewa ya raba ta da ɗanta saboda saniya ɗaya. Jannatu ta nemi izinin zuwa ganin tsohuwar, ya ba ta, ya ɗaukar mata kaya har bakin titi. Suna tsaye suna jiran mota ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Malam, da ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya, za ka kai shi gaban Baffa?"

"Zan kai shi."

Ta juyo ta kalle shi sosai. "Ban yarda ba."

Motar ta tsaya, yaron mota ya karɓi kayan, ta shiga. Cindo ya dawo ta cikin gonaki yana juya tambayar, bai sami amsar da ta gamsar da shi ba. Ta yi makonni a can. Ranar da ta dawo ta same shi yana gyaran dangar rumbu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tsohuwa tana gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi lafiyar mutanen gida. Bai tambayi Ubale ba, ita ma ba ta ambace shi ba.